In ka sayi akwariyom na hannu, don Allah kar ka wanke soson filtar

Duk wanda ya sayi akwariyom na hannu, wato akwatin gilas ɗin nan na kiwon kifin ado da wani ya riga ya yi amfani da shi, abu na farko da hannunshi ke ƙaiƙayin yi shi ne wanki. Gilas ya yi dauɗa, tsakuwa ta yi baƙi, ka buɗe filta, wato injin tace ruwan, ka tarar soso ya koma ruwan ƙasa yana wani yauƙi, sai ka ce bari in kai bakin pompo in dirje shi da omo ya yi fes. To ɗan'uwa dakata. Wallahi cikin duk kayan da ka biya kuɗi ka ɗauko babu wanda ya kai wanga soso mai dauɗa daraja, gilas ko ya fashe ana yanka wani, amma abin da ke cikin soson nan sai an yi sati 4 zuwa 6 kafin a same shi, kuma cikin minti biyar za ka iya kashe shi.

Ga dalili. Kifi yana fitar da guba da ake kira amoniya, wani ta kashi wani ta wurin da yake numfashi a gefen kai, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake zama. A gulbi ko tafkin Madarumfa ruwa na da yawa, ba ta taruwa. Amma cikin akwati mai lita 100 babu inda za ta je, sai ta dinga ƙone kifin a hankali. Abin da ke ceton shi wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ido ba ya gani, kashi na farko irin su Nitrosomonas suna cin amoniya su maida ta nitirit, wadda ita ma guba ce don tana hana jinin kifi ɗaukar iska, sai kashi na biyu irin su Nitrospira su maida nitirit ta zama nitirat, ita wagga da sauƙi, canjin ruwa ke rage ta. Ƙwayoyin nan ba cikin ruwa suke yawo ba, manne suke jikin abu, mafi yawa cikin soso da 'yan duwatsun nan masu huji da ke cikin filta, sai kuma saman tsakuwa. Kamar dai ɗan tsohon kindirmo ne da ake zubawa cikin sabuwar madara, in ka same shi da rai aikinka ya zo da sauƙi, in ka zubar da shi sai ka jira daga farko. Abu huɗu ke kashe su: bushewa, rashin iska, sinadarin kulorin da ke cikin ruwan pompo, da sabulu. Duk abin da zan faɗa ƙasa a kan kare su daga huɗun nan ne.

Tun kafin ka ba da kuɗi, je gidan mai shi ka ga kayan suna aiki. Kar ka yarda da hoto a WhatsApp. Ka tambaye shi cikin mutunci, Alhaji yaushe rabon filtar nan da ta yi aiki, kuma mi ya sa za a sayar? Amsar nan ita ce komai. In ya ce ai har yanzu ga ta nan tana juyawa ga kifi ciki, tafiya ce ta kama shi ko yara sun gaji, to ka dace. In kuwa ya ce an kashe ta tun kafin azumi tana ɗaki a ajiye, to soson ya bushe, ƙwayoyin sun mutu, kar a ƙara maka ko dala a kan wai filta ta riga ta nuna, za ka fara ne kamar mai sabon akwati. In kuma ya ce kifin ne sunka dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya shi ya sa ya haƙura, nan ni shawarata ka sayi gilas da inji kawai, soso da tsakuwa a zubar, don cutar nan mai sa farin ɗigo ɗigo a jikin kifi kamar an barbaɗa gishiri tana biyo kaya masu jiƙa, ba ta da amfani ka ceci bakteriya ka kwaso ciwo. Ka lura da kifin da ke ciki, suna iyo da kuzari, fiffikensu a buɗe, ba sa goga jiki da duwatsu, ba sa taruwa sama suna haki.

Sai ka duba gilas ɗin kanshi. Bi kusurwa kusurwa da yatsa, silikon ɗin da ya haɗa gilas ya kamata ya zama da laushi kamar roba kuma ya kama sosai, in ka ga yana ɓanɓarewa ko akwai kumfa tsakanin gilas da gilas ko ya bushe yana farfashewa, akwai aiki gaba. Ƙarzuwa ba komai ba ce, kyau kawai take ragewa, amma tsaga ko ɓallewar baki a kusurwa kar ka saya ko da kyauta ne. Auna tsawo da faɗi da tsayi da santimita, ka ninka su ka raba da 1000, shi ne litar. Misali 80 da 35 da 40 ya ba ka lita 112. Ka riƙe lissafin nan don kowace lita kilo ɗaya ce, in ka haɗa da gilas da tsakuwa ka tasam ma kilo 140, tebur ɗin roba ko ɗan kabad na falo ba zai ɗauka ba. Gara ka sa mai walda ya yi maka ƙafa ta ƙarfe da katako mai kauri a sama tun kafin ranar ɗauko.

Kwana biyu kafin ranar, tara ruwa a gidanka. In na pompo ne ka zuba a baho ko duro ka bar shi a buɗe kwana ɗaya zuwa biyu, kulorin ɗin zai fita da kanshi, in kana da injin iska, wanda ke tura kumfa cikin ruwa, ka jefa ciki ya fi sauri. In ka samu maganin kashe kulorin na masu kifi, irin wanda ake kawowa daga Yamai ko Kano, shi nan take yake aiki kuma ya fi tabbas. Ruwan rijiya ko na burtsatse ba shi da kulorin amma ba shi da iska sosai in ya fito, shi ma a bar shi ya kwana. Kuma duro da bokiti su zama waɗanda ba su taɓa ganin omo ko jabel ko mai ba, bidon da anka taɓa zuba fetur ko an wanke shi sau goma ba na kifi ba ne. Ka kuma roƙi mai kayan ya daina ba kifin abinci kwana ɗaya kafin, cikinsu in ba komai ba za su ɓata ruwan tafiya ba.

Ranar ɗauko ka yi sammako, nan Maradi in bazara ce kafin ƙarfe goma rana ta riga ta buɗe, a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ruwan da ke cikin bokiti bayan adaidaita kafin ka taso daga unguwar Zariya ka kai unguwar Ali Ɗan Sofo ya yi ɗumi, kuma ruwa in ya yi zafi iskar da yake riƙewa raguwa take yi, a digiri 25 yana ɗaukar kamar miligiram 8 a kowace lita, a digiri 35 ya sauka wajen 7, ga kifi da bakteriya kuma lokacin ne sunka fi buƙatarta. Da ka isa, fara cire duk wayoyi daga wuta, in akwai abin ɗumama ruwa bar shi ya huce minti 15 cikin ruwa kafin ka fiddo shi, in ba haka ba fashewa yake. Ɗebi ruwan sama mai tsabta da tiyo kafin ka motsa tsakuwa, cika bido biyu ko uku, kamar rabin ruwan akwatin in za ka iya ɗauka. Ba don bakteriya ake ɗaukar tsohon ruwa ba, don kifin ne da sunka saba da shi, tsohon akwati da anka daɗe ba a canza mai ruwa ba ruwanshi ya sha bamban da na pomponka, in ka jefa su cikin sabo tsantsa lokaci ɗaya girgiza suke yi. Kifin a sa su bokiti mai murfi da tsohon ruwa zuwa rabi, a bar sarari don iska, a rufa zane ya yi duhu su natsu.

Yanzu filta. In irin wadda ake maƙalawa cikin akwati ce, zare ta ka tsoma cikin bokitin tsohon ruwa yadda take. In babba ce mai kamar tulu da ke zama ƙasa da tiyo biyu, kar ka toshe ta ka ɗauko da ruwa cike, cikinta rufe yake, da inji ya tsaya ƙwayoyin za su shanye ɗan iskar da ke ciki su fara mutuwa, da zafin garin nan abin ba ya ɗaukar awoyi da yawa. Buɗe ta ka fiddo soso da duwatsun ka sa a roba mai faɗi, ruwa ya ɗan rufe su kawai, kar ka matse murfi. Girgizar hanya ma taimako ce, tana sa iska shiga. Ka yi ƙoƙari daga kashe inji zuwa sake kunna shi kar ya wuce awa biyu zuwa uku. Tsakuwa a kwashe ta da danshinta cikin buhu ko bokiti. Akwatin kuwa sai babu komai ciki za a ɗaga shi, ko ɗan ruwa da tsakuwa a ƙasa ya isa ya tsaga gindin in anka shiga rami, mutum biyu su tallafo shi ta ƙasa, a shimfiɗa bargo ko katifa, ba a kan kabu-kabu ba don Allah.

Akwai wata matsala a nan da mutane ba sa tunani. Tsohon akwati ya kamata a gwada shi ko yana yoyo, a cika shi da ruwa a tsakar gida a shimfiɗa takarda ƙarƙashi a bar shi ya kwana, amma soso da kifi ba za su jira ba. In ka ga akwatin cike da ruwa a gidan mai shi kuma ƙasan a bushe, tafiyar ba nisa, kana iya haɗawa kai tsaye ka sa ido. In kana da shakka, yi masauki na wucin gadi: babban baho, tsohon ruwa, kifi, ka kunna filta ciki ta ci gaba da juyawa, ka rufa raga kar su yi tsalle ko mage ta leƙo. A haka za su yi kwanaki lafiya lau. In sai an sake silikon, nemi tsantsa wanda ba a sa mai maganin fumfuna ba, wanda ake sa wa banɗaki da kicin akwai guba ciki, a kankare tsohon tas da reza don sabo ba ya kama tsoho, a bar shi ya bushe aƙalla kwana biyu, mai kauri har sati. Farin tabon da ruwa ke bari jikin gilas, binegar ko lemun tsami ke fidda shi, a ɗauraye sosai.

Wurin ajiye akwatin ya zama inda rana ba ta bugu kai tsaye, nesa da taga, rana na dafa ruwan kuma tana cika gilas da gansakuka. Nesa da inda ake fesa maganin sauro ko kunna na hayaƙi, wanga na da muhimmanci ƙwarai a gidajenmu musamman da damina, maganin sauro na kashe kifi da ɗan kaɗan, kuma injin iska zuƙo shi yake ya tura cikin ruwa. Ranar da za a fesa a kashe injin iska a rufe akwatin da jiƙaƙƙen zane har ɗaki ya sha iska. Shimfiɗa farin abin nan mai laushi da ke zuwa cikin kwalin firiji ko talabijin tsakanin katako da gilas, zuba ruwa kaɗan ka duba ko ya kwanta daidai ta kowane ɓangare, in ya karkata gyara ƙafar tun yanzu.

Tsakuwar ka ɗauraye ta sama sama da tsohon ruwa ko ruwan da ya kwana, baƙin laka ya fita, in ka ji tana warin ruɓaɓɓen ƙwai to wanke ta sosai, asarar 'yan ƙwayoyin da ke jikinta ba komai ba ne tunda soso na nan. Zuba ta, ɗora faranti a kai, ka dinga zuba ruwa kan farantin kar ya tada ƙura, tsohon ruwa farko sannan ka cika da naka. Soson kuma in ya toshe ƙwarai matsa shi sau biyu ko uku cikin bokitin tsohon ruwa, shi ke nan, ya koma da launinshi na ƙasa ƙasa. Maida komai yadda ka same shi ka kunna. In akwai gawayi ciki shi kam zubar, ya riga ya gama aiki cikin 'yan makonni. Ka tabbata ruwan da ke fitowa daga filta yana motsa saman ruwa, nan ne iska ke shiga. Wayoyi a bar su su ɗan lanƙwaso ƙasa kafin su hau soket don ɗigon ruwa kar ya bi waya ya shiga wuta, kuma tsohon inji na iya yin yoyon wuta, kar ka taɓa sa hannu cikin ruwa ba ka cire ba. Kafin ka saki kifin, dinga ƙara ruwan akwatin kaɗan kaɗan cikin bokitinsu har kamar minti 30, sannan ka kamo su da raga, ruwan bokitin a ba shuka. Ranar nan ba abinci, ba fitila.

Abin da za ka riƙe shi ne yawan ƙwayoyin daidai yake da yawan kifin da ke ciyar da su a da. Filtar da ta saba da 'yan ƙananan kifin nan gupi guda shida ba za ta ɗauki kifi ashirin rana ɗaya ba, kuma komai kulawarka wasu sun mutu a hanya. Don haka sati biyun farko kar ka ƙara ko ɗaya, abinci kuma ɗan mitsitsi wanda za su cinye cikin minti biyu, satin farko ma yau a ba su gobe a tsallake. Yara ne matsala a nan, kowa na so ya ga kifi na ci, a ɗora gwangwanin abinci inda hannu ba ya kai. In kuwa filta kawai ka samu ba kifi, kar ka bar ta da yunwa, dinga jefa ɗan abincin kifi kullum yana ruɓewa tana samun amoniya har ka kawo kifi kaɗan cikin 'yan kwanaki.

In da hali ka sayi abin gwajin ruwa, na ɗigawa irin na kamfanin API ko JBL ko Sera ya fi na takarda. Amoniya sifiri, nitirit sifiri, nitirat ƙasa da miligiram 40 a lita, haka ake so. In ba ka samu ba idonka ne abin gwaji: kifi ya taru sama yana haki, ya ƙi abinci, ya maƙale fiffike, gefen kanshi ya yi ja, ko ruwa ya yi fari kamar an ɗiga madara. Da ka ga haka kar ka tsaya neman magani, canza kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan da wanda ya kwana mai zafi ɗaya da na ciki, ka tsaida abinci, gobe ka sake in bai gyaru ba. Ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a lita 10 yana rage cutarwar nitirit, gupi da moli ba sa damuwa da shi. Kuma amoniya ta fi dafi in ruwa ya yi zafi, abin da kifi zai jure da hunturu yana iya kashe shi da bazara.

Sai maganar ɗauke wuta, wadda ni a ganina ita ce babbar jarabawar mai akwariyom a garin nan, don lokacin da zafi ya fi tsanani lokacin wuta ta fi tafiya. Wanda ke da pano na hasken rana ko gurup, wato janareto, ya huta. Wanda ba shi da su ya nemi ɗan injin iska mai aiki da batir ko mai igiyar USB da ake haɗawa da abin cajin waya, ba ya cin wuta, wallahi ya fi fitila mai kala kala da kayan ado amfani nesa ba kusa ba, shi za ka fara saya. A ɗora shi sama da bakin ruwa, in yana ƙasa wuta ta tafi ruwa na iya biyo tiyo ya zube. In ba komai hannunka, ɗebi ruwa da moɗa ka zubo daga sama sau da yawa duk bayan ɗan lokaci. In wuta ta daɗe, fiddo soson daga filta ka jefa cikin akwatin kusa da kumfar iska. Babbar filta mai rufi da ta yi awoyi a kashe, cire ta daga soket kar wuta ta dawo kana barci ta turo ruɓaɓɓen ruwa kan kifi, buɗe ka shaƙa, ka zubar da ruwan ciki kafin ka kunna.

Yawancin kifin adon nan digiri 24 zuwa 28 suke so. Da bazara buɗe murfi ka sa raga, ka juyo fanka tana kaɗa saman ruwa, da bushewar iskarmu tana sauke zafin da 'yan digiri, sai dai ruwa zai dinga raguwa kana cikawa, kuma cikawa ba ta maye canjin ruwa don dattin na nan bai tashi ba. Gorar ƙanƙara a rufe tana taimako, kar dai a zuba ƙanƙara tsirara ko a sauke zafin farat ɗaya. Jan kifin nan mai kumburin ciki da kowa ke so, shi ruwa mai sanyi ya fi so kuma kashi gare shi, ni ban ba mai farawa shawarar shi a Maradi, gupi da moli da pilati sun fi haƙuri. Da hunturu kuma, Disamba da Janairu, dare na yin sanyi ƙwarai, nan abin ɗumama ruwa ke da rana, kuma a rufe akwatin saboda ƙura.

In sati biyu sun wuce kifi na ci ruwa garau, fara ƙara biyu ko uku, ka jira sati ɗaya ko biyu kafin wasu. Canjin ruwa kashi ɗaya cikin huɗu duk sati. Filta kuma kar ka taɓa ta sai ka ga ƙarfin ruwanta ya ragu, sannan ranar canjin ruwa ka matse soson cikin ruwan da ka ɗebo daga akwatin ka maida. In tsohon soson ya fara rugurgujewa dole sai an canza, sa sabon kusa da shi su yi wata ɗaya tare cikin filta, ko ka yanka tsohon biyu ka canza rabi yanzu rabi wata mai zuwa.